Kafaɗar da Yaya Sale ya kwance

Shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar yayana Sale, amma har yau in na miƙa hannun dama na ɗauko hula daga ƙusa, shi nake tunawa.

Mun zo Libreville daga Maraɗi lokacin da arzikin man fetur ya cika gari, ko'ina gini ake yi. Ni na samu taksi ina ja. Shi kuwa, wanda ya gaji ɗori wajen mahaifinmu, sai ya ƙare a shara da wankin tawul wajen wata kine, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Ashe yana shara, idonsa na kan hannun matar.

Da kafaɗata ta dama ta fara ciwo, sai na yi abin da na tashi na gani a gida: in na sauka daga aiki na naɗe ta da rawani, na rataye hannun a wuya. Kafin in farga ta ƙage. Juya sitiyari ya gagara, sa riga ya zama aiki, ko kabbarar salla hannu ɗaya ke kai kunne. Mai motar ya ce in abin ya ci gaba zai ba wani makulli, ga shi ina da mata da jariri.

Yaya ya same ni a ɗakina a unguwar Nombakélé, ya warware rawanin ya ce, "Habu, karaya ake ɗaurewa. Wagga in ka ɗaure ta, kashe ta ka yi."

Kullum bayan la'asar sai ya gasa wurin da tawul mai zafi, ya kwantar da ni a tabarma. Ya danne allon kafaɗar da hannu ɗaya, ya riƙe damtsen da ɗayan, ya ja a hankali, yana motsa ƙashin cikin gurbinsa kaɗan-kaɗan. Sannan ya tsayar da ni gaban bango in hau da yatsu, inda na tsaya ya ja layi da gawayi.

Ciwon ba ya faɗuwa. Wata rana, maƙwabta na ji, na daka masa tsawa: "Sake ni! Mai shara zai koyi aiki a jikina? Da Baba na raye da ya ji kunyarka." Ya ninke tawul ya fita. Washegari bayan la'asar sai ga shi da ruwan zafinsa.

Layukan gawayi suka yi ta hawa bango, makulli ya tsaya a hannuna. Neman gafara kuwa na yi ta cewa gobe, har zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Da aka zo ɗaukar makara na cira ta da hannun dama na aza a kafaɗa, ta hau ba ko ɗigon ciwo. A nan kuka ya ƙwace mini.

Nakan ce da zai ga wuraren gashi na unguwar Akanda yau, da injunansu masu fitila, da ya zagaya su yana murmushi, sannan ya tambaya wa zai sa hannu. Da ya ga samari suna koyon gashi a waya suna fizgar hannun iyayensu kuwa, da ransa ya ɓaci, don bai taɓa yarda da fizga ba.

Bana kafaɗar matata Hajara ta ƙage. Likita ya duba ya ce a riƙa motsa ta, na durƙusa da tawul ina kwaikwayon hannun Yaya. Ran nan zafi ya ishe ta, ta ce, "Malam, direba ne kai ko likita? Ka rabu da ni!"

Na ninke tawul na fita. A bakin ƙofa na laluba zuciyata, ban sami komai ba sai tausayinta, da tunanin ruwan da zan dafa gobe. Shekara talatin da takwas ina ɗauke da maganar nan, Yaya, ashe kai tun a bakin ƙofa ka ajiye ta. Allah Ya jiƙan ka.