Masu Ɗaga Hannun Hagu

Har gobe ba zan manta da ranar da Madam Rifkatu ta zo duba ni a aji ba. Duk sanda aka turo mana ku masu koyon malanta, sai ranar ta dawo mini sabuwa fil.

Ina shekarar ƙarshe ta NCE aka tura ni koyarwar gwaji, wadda muke ce wa TP, a wata firamare ta bayan Ƙofar Kaura. Ga wanda bai sani ba, ɗalibi kan yi zango guda yana koyarwa, sai kwaleji ta aiko malami ya zauna a bayan aji ya ba shi maki. Wanda ya faɗi sai ya maimaita. Ni kuwa mahaifina ya riga ya gama sanar da unguwa cewa ɗansa ya kusa zama malami, don haka faɗuwa ba ta kama ni ba.

Madam Rifkatu 'yar Kudancin Kaduna ce, ita ke koya mana dabarun koyar da Turanci. Kullum maganarta ɗaya: yaro ba ya iya harshe sai ya yi ta kuskure a cikinsa, kuma Hausar da ya zo da ita daga gida ba abokiyar gaba ba ce. Mukan rubuta, mu haddace, mu zuba mata abinta a jarrabawa. A zuci kuwa ban yarda ba. Ni da bulala na koyi Turanci, kuma a ganina aji mai kyau shi ne wanda ba a jin kuskure a cikinsa.

Mai ajin da aka ba ni, Malam Lawal, dattijo ne mai son mutane. Ana gobe Madam za ta zo ya ga na kasa zaune na kasa tsaye, sai ya ce in kwantar da hankalina, akwai yadda ake yi tun ba a haife ni ba. Ya ce wa yaran gobe duk tambayar da na yi kowa ya ɗaga hannu: wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Nawa kawai in riƙa zaɓar dama.

Washegari Madam ta shigo, yara suka miƙe suka gaishe ta, ta zauna a bencin baya. Darasin shi ne kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da Turanci. Na yi tambaya, hannuwa suka tashi kamar karan dawa a gona. Na zaɓi dama, amsa ta fito tas. Na ƙara, haka. Har na fara jin kaina wani abu.

Sai na ji muryarta daga baya: "Malam Sanusi, bari in taya ka zaɓe."

Ta nuna wata yarinya, Hauwa'u, 'yar Fulanin da ke zaune a bakin gari, wadda tun zuwana ban taɓa jin muryarta ba. Hannunta na hagu ne a sama. Yarinya ta miƙe ta daskare. Na leƙa tagar da Malam Lawal yake tsaye, ya riga ya sulale.

Madam ta taso ta durƙusa kusa da ita, ta tambaye ta da Hausa me ta yi jiya. Can ƙasa-ƙasa ta ce ta raka innarta tallar nono. Madam ta tambayi aji wa ya san nono da Turanci, wa ya san kasuwa. Wannan ya ba da kalma, wancan ya ba da, Hauwa'u ta harhaɗa su ta faɗa a karkace. Wasu suka fara dariya, Madam ta riga su da tafi, dole suka bi ta. Ta ce ta sake faɗa. Ta sake, da ƙarfi wannan karon, har da murmushi.

Bayan an tashi ta kira ni gindin bishiyar bedi. Na zo ina jiran hukunci. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ita ma ta san dabarar nan, don ranar da aka sa ta makaranta ba Hausa ba Turanci, yaren gidansu kaɗai gare ta.

"Na daɗe ina ɗaga hagu, Malam Sanusi. Babu wanda ya taɓa kirana. Na dama sun riga sun sami malami. Na hagun nan su ne naka."

Ta ce yau ba ta ba ni maki ba, ba ta kuma kayar da ni ba. Za ta dawo ba tare da ta faɗi rana ba.

Ranar da ta dawo ajina ya kaure da surutu, Turanci na ta karyewa, Hausa na tallafarsa. Malam Lawal na tsaye a taga yana cewa, "Yaron ga ya kashe kanshi. Mi za ta ce?" Ta zauna ta saurara har aka buga ƙararrawa, ta ba ni maki mai kyau. Dattijon ya fi kowa murna, Allah Ya jiƙansa.

Abin da na fahimta a aikin nan shi ne, kowannenmu yana shiga kwaleji ɗauke da malamin da ya koyar da shi yana yaro, kuma haddar jarrabawa ba ta sauke shi. Sai ka sami wanda zai nuna maka da idonka. Ni Allah Ya ba ni Madam Rifkatu. Ta yi ritaya ta koma garinsu, amma ina gode mata duk ranar da yaro mai shiru ya buɗe baki a gabana.

Saboda haka gobe in na shigo ajinku a matsayin hedimasta, kada ku wahalar da kanku da shirya yara. Na san dabarar, kuma hagu zan fara kira.