Takardar da Malam Ba'ana bai ƙarasa ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyar ga watan Afrilu na 2025, bayan ƙaramar Sallah da kamar sati biyu, Allah Ya karɓi ran Malam Ba'ana Habib na layinmu a Moduganari. Da hantsi ne. Ina zaune ina yi wa wani keke faci sai na ji kuka ya tashi daga gidansa, na ajiye abin da ke hannuna, ban ma tambayi kowa ba. Bayan azahar muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa.

Ni ne Kyari mai gyaran keke. Ban shiga boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wannan da kuke karantawa da baki nake faɗa, 'yar marigayi, Malama Fanna, ita take rubutawa. Na gargaɗe ta kada ta rage mini ko kalma ɗaya, domin ubanta ya rage mini da yawa.

Malam, yau da kai nake magana, kuma yau ba ka da damar katse ni.

Mutanen gari sun san ka malamin sakandare, mai koyar da insha'i da muhawara, har ka yi ritaya. Ni kuwa a gindin darbejiya na san ka. Ni na dasa ta shekarar da na yi aure, a bakin hanya, kusa da ƙofar gidana, na yi ta ɗauko mata ruwa daga famfo har ta kama. A inuwarta na yi sana'ata duk rayuwata. Da ka bar aiki sai ka kawo kujerarka ta roba ka ajiye ta ɓangaren gabas, ba ka nemi izinina ba, ni ma ban kore ka ba.

Nan ɗalibai masu shirin jarrabawa suke samunka da yamma. Ina ji kana ba su jigo, wai rayuwar ƙauye ko ta birni, su yi ta musu. Idan musun ya yi zafi sai ka ce su yi musaya, mai goyon ƙauye ya koma kare birni. Na taɓa ce maka wannan koya wa yara ƙarya ne. Ka yi dariya ka ce wanda bai san abin da abokin gardamarsa zai faɗa ba, bai san tasa maganar ba tukuna. A lokacin ban yarda ba.

Amma akwai abin da ba zan manta ba. Shekarar da matata Aisa ta rasu na rufe akwatin kayan aikina, na shige ɗaki na ƙi fita. 'Ya'yana suka yi lallashi suka gaji, kowa ya koma inda ya fito. Sai ga ka da safe da tsohon kekenka, wai birki yana ƙara. Na duba, birki lafiya lau. Kashegari ka dawo, wai yanzu sarƙa ce. Haka ka yi ta kawo mini keken da babu abin da ya same shi, kana zaune kana kallona ina kwancewa ina ɗaurawa, har na koma fitowa da kaina. Ba ka taɓa ce mini in yi haƙuri ba, kuma shi ya sa na iya zama da kai. Masu cewa in yi haƙuri sun ishe ni a lokacin.

To, yanzu ga maganar da ta rage tsakanina da kai.

Yoila, maƙwabcinmu da ya sayi gidan da ke jikin bishiyar, ya kai ƙara wurin Bulama, mai unguwarmu, bayan damina, wai saiwar darbejiya tana tsaga masa bango, a sare ta. Mutumin da bishiyar ta girme shi a layin. Muka je gaban Bulama sau biyu, sau biyun ana tashi baram-baram, kuma an ce wai muryata ce ta fi yawa. Bulama ya ce ya gaji da hayaniya, kowa ya kawo maganarsa a rubuce, shafi ɗaya, a karanta gaban dattawa, abin da suka yanke shi ke nan. Yoila ya yi boko. Ni kuma kai nake da shi.

Ranar farko da muka zauna rubutun na yi magana tun daga la'asar har aka fara alwalar magariba. Na faɗi yadda awakinsa suka cinye mini roba, da ruwan wankin da ake kwarara mini ta ƙarƙashin benci, da ranar da ya wuce ni da baƙi bai gaishe ni ba, da halin mutanen da ke zuwa unguwa jiya su ce yau za su gyara ta. Da na gama na leƙa takardar, ko da ban iya karatu ba ai ina da ido. Layi ɗaya tak. Na tambaye ka me ka rubuta, ka ce, "Kada a sare darbejiyar layinmu." Na ce sauran fa? Ka ce sauran fushi ne, kuma dattawa ba fushina za su yanke wa hukunci ba. Takarda ɗaya, magana ɗaya, in ji ka. Idan na ɗora mata awaki da ruwan wanki, mutane za su tafi gida da labarin awaki su manta da bishiya.

Na tashi na tafi ban yi maka sallama ba. Kashegari na dawo, don ba ni da wani.

Sai ka koma tambayata shaida. Duk abin da na faɗa sai ka ce, wa ya gani? Na ce kowa ya san bishiyar tana da amfani. Ka ce "kowa ya sani" ba shaida ba ce, in faɗi abin da mutum zai iya zuwa ya duba da idonsa. Muka tattaro kaɗan: mata masu jiran keke Napep a nan suke tsayawa, mai ƙosai a nan take suya, layin duka babu wata inuwa sai ita. Ka rubuta, amma na ga ba ka gamsu ba. Ka ce akwai hujjar da idan aka faɗe ta ba mai iya ɗaga kai, kuma ba mu same ta ba tukuna. Duk inda na sa zagi sai ka cire. Ka ce zagi ɗaya yana cinye hujja goma, domin daga nan tausayin wanda aka zaga za a ji.

Duk wannan na shanye. Inda muka ɓata shi ne ranar da ka ɗauki sandarka, kana ja da ƙafa, ka shiga gidan Yoila. Ka ce in zo mu je tare, na ƙi. Da ka fito ka zauna ka daɗe kana haki, sannan ka ce tsagar gaskiya ce, ka sa hannunka ya shige har wuyan hannu. Kuma a bayan bangon ne ɗakin matarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ka ce wannan sai ya shiga takardarmu, da bakina, kuma in faɗe shi da kyau yadda Yoila da kansa zai gyaɗa kai, sannan in ba da amsa. Ka kuma ce ƙarshen takarda ya zama roƙon abin da za a iya yi, kamar a haƙa rami a datse saiwar ta gefen bangon, a zuba kankare, a bar bishiya.

Na ce ni ban zo wurinka don ka yi wa Yoila aikin lauya ba. Takardata ce, ba zan ɗauki maganar abokin gabata in sa a cikinta ba, kuma ko saiwa ɗaya ban yarda a taɓa ba. Ka rufe alƙalami ka ce to ta tsaya nan, sai ranar da na shirya.

Ba ka gaya mini ciwon da kake fama da shi ya kai haka ba, Malam. Wannan ina riƙe da shi. Kullum kana gefena, kana cewa zafin gari ne, ashe ƙoda ce. Sai da kujerar ta kwana uku babu kowa na shiga na same ka kwance, ka rame har na kusa in kasa gane ka. Ban yi maganar takarda ba, kai ka tayar da ita. Ka kama hannuna ka ce, "Kyari, idan ba ka faɗi tasa ba, ba wanda zai ji taka." Na ce ka warke tukuna mu yi wannan musun a waje. Ba mu yi ba.

Bari in faɗi wata kuma, Fanna ki rubuta. Ranar jana'iza motoci sun cika layinmu har bakin titi, manyan mutane da manyan riguna, kowa yana cewa kai ka koya masa magana a gaban jama'a. Watannin da kake jan ƙafa zuwa asibiti a keke Napep ban ga motar kowa ba. Ba zan kira suna ba, ka hana ni. Amma sun san kansu.

Kwana ukun zaman makoki a ƙarƙashin darbejiya aka yi su. Zafin watan nan kowa ya san shi, kwalta kamar za ta narke. Ba a kafa rumfa ba, ba a bukaci ta ba. Tabarmi aka shimfiɗa tun daga kujerarka har bakin kwata, mutane suna tashi wasu suna zama. Yoila ma yana nan kullum, shi ya kawo tabarmi biyu da ruwan sanyi, ya zauna jingine da gindin bishiyar da yake so a sare. Ina kallonsa. A nan na gane hujjar da ka ce ba mu samu ba. Ashe sai da ka mutu za ka ba ni ita.

Bayan sadakar bakwai Bulama ya kira zama a zaurensa. Yoila ya karanta tasa, ba laifi, bai zage ni ba. Fanna ta roƙi a bar ta ta karanta tawa, wadda ka rubuta, aka bar ta. Ta karanta layin farko, ta karanta masu jiran Napep da mai ƙosai, ta zo inda ka rubuta, "Abin da maƙwabcina Yoila zai ce shi ne," sai ta tsaya. Bulama ya ce ta ci gaba. Ta ce a nan rubutun ya ƙare.

Na miƙe. Wallahi ban shirya ba. Na ce abin da Yoila zai ce shi ne, bangonsa ya tsage har hannun mutum yana shiga, wanda ya sa hannun ba ya ƙarya, kuma yana kabari. A bayan bangon akwai mace kwance da ba za ta iya gudu ba idan ya faɗo. Damina tana tafe. Na ce da Aisa ce a ɗakin nan, da ban jira Bulama ba, da gatari zan fito.

Shekara da shekaru ina magana a unguwar nan, ban taɓa ganin an saurare ni haka ba. Yoila ya sunkuyar da kai.

Sannan na tambayi dattawa ɗaya bayan ɗaya inda suka zauna kwana ukun makokinka. Na tambayi Yoila ma. Na ce dukanmu nan mun tsufa, wanda zai bi Malam a cikinmu, a ina za a zauna masa? Na ƙare da abin da ka ce, a datse saiwa, a zuba kankare, a bar mana bishiya.

Sun bar ta. Amma mai yankan itace ya ce idan aka datse saiwar gabas, ta gefen bangon, dole a sauke babban reshen gabas, in ba haka ba iskar farkon damina za ta kayar da ita kan rufin Yoila. Aka sauke shi ina tsaye ina kallo. Reshen da kake zama a ƙarƙashinsa ne.

Kada ka ɗauka na yarda da kai a komai. Har gobe ina ganin maganar awaki ya kamata ta shiga. Yoila yanzu yana gaishe ni safe da yamma, ina amsa masa da "lafiya", ban ƙara komai a kai ba tukuna. Abin da ke ci mini rai shi ne, na yi yadda ka ce, ya yi aiki, na fito daga zauren ina sauri in zo in ba ka labari, sai a bakin layi na tuna.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Ya Rakiya, da Malama Fanna da ƙaninta Taufiq, da jikokinka, da ɗalibanka na gaskiya, waɗanda suka zo a ƙafa. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya tsare bayanka, Ya sa albarka a abin da ka bari. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya karɓi jinyarka a matsayin kaffara, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka amsa tambayar mala'iku da hujja mai ƙarfi, kai da ka ƙare rayuwarka kana koya wa mutane ita. Idan tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani.

Kujerarka tana nan inda ka bar ta. Yanzu tun hantsi rana take dukanta har azahar, robar ta fara fari. Fanna ta ce in matsar da ita cikin inuwa, na ce a'a, wurinta ke nan. Allah Ya sa ka a inuwarSa, Malam, ranar da babu wata inuwa sai ita. Amin.