Wada da Ƙauyen Bajamushe

Duk unguwar Misfala ta Makka babu wanda bai san Wada mai shayi ba, babu kuma wanda bai gaji da shi ba. A goye ya iso Makka, bayan uwarsa Ɗaso ta ratso Chadi da Sudan a ƙafa. Da ya girma ya yi wa wani injiniya Bajamushe aikin kuku a Jidda, mutumin da kewar gida ta sa shi zuba kullum a kan ƙauyensu, wai shi Lindanba. To, nan Wada ya kwaso cutar.

Bajamushen ya koma gida a 1962, ya bar masa tukunya ɗaya da ƙauye guda a ka. Ka zauna shan shayi, kafin ya huce ka ji komai: ƙoramar da ta raba ƙauyen biyu, dajin bayan tudu, gonakin dankali, shanu masu nono kamar tulu, injin niƙan da ruwa ke juyawa. Ya san lokacin da annoba ta cinye rabin mutanen, ya san yadda samari suka gudu birni aikin masana'anta suka bar tsofaffi da kiwo. Mutumin da bai taɓa wuce Jidda ba, jama'a! Har fushi yake idan alhaji ya ce bai taɓa jin sunan garin ba.

Ɗaso takan leƙo ta ce, "Wada, mu ma fa garinmu akwai rafi..."

"Halas, ya isa, Inna! Rafin da ke ƙafewa da rani? Tsaya ki ji na Lindanba."

Haka ta yi ta farawa yana katse ta, har Allah ya karɓi abarsa.

Ana nan Rumasa'u 'yar Wada suka daidaita da Yunus, ɗan Alhaji Dawuda na unguwar Jarwal. Su kuwa gidan Dawuda ba sa haɗa jini sai sun san asali. Dawuda ya zo da ƙannensa, Wada ya cika musu kofuna yana ta rawar jiki.

Dawuda ya ce, "Ya shaikh, abu ɗaya ya rage. Ku mutanen wane gari ne? Alhazan bana za su koma, sai mu ba su sallahu su tambayo mana."

"Ƙasar Hausa."

"Mu ma haka. Ina a ciki?"

Wada ya sosa ƙeya. "Akwai... akwai rafi dai."

"An ce har shanun Jamus ka sani ɗaya-ɗaya. Garin ubanka fa?"

Wallahi ya laluba kansa kaf, Lindanba kaɗai ke fitowa. Kunya ta rufe shi. Baƙin suka miƙe, suka ce sai ya tuna, suka bar shayin ko kurɓa ba su yi ba.

Rumasa'u ta ɗaga labule, idonta jawur.

"Baba, duk shekarun nan, ko sau ɗaya ba ka bar kaka ta ƙarasa ba?"