Gurun Kokowar Maigidana

Ku ɗan matso kusa, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce.

Maigidana ɗan kokowa ne tun muna ƙauyenmu na wajen Maradi. Kaye ɗaya aka yi masa gaban surukansa, ya kwashe mu muka yo Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, ya kama aikin gini. Siminti ya ci masa baya, har likita ya ce kada ya ƙara ɗaukar abin da ya fi buta nauyi.

Wata Juma'a maƙwabcinmu mai shago ya shigo da salula yana dariya. "Tsohon zaki, zo ka ga 'yan'uwanka na Kambodiya!" Ni ina tankaɗe, amma kunnena yana wurinsu. Bidiyon 'yan kokowa ne, Khmer ake ce musu. Sai sun taka rawa kafin su kama juna, ganga biyu na tashi, wai ɗaya mace ɗaya namiji. In an kayar da mutum kuma, sai a tambaye shi ko zai sake.

Maigida ya ce, "Ni ba wanda ya tambaye ni."

Na ajiye rariya. Na san magina 'yan ƙasarmu suna haɗuwa a rairayin kwari bayan la'asar, suna kokowa ba kiɗa ba kirari, kada jandarma su ji.

"Uwar yara, ina guruna da layuna?" in ji shi.

"Haba maigida, da furfurarka?"

"Furfura ce za ta kama ƙafa? Ɗauko mini."

"Ai a gida muka baro su, wurin Inna."

Ƙarya na yi. Suna ƙasan akwatin kwanukana. Na ɗauka in babu su ba zai je ba. Ya je. Waɗanda suka gani sun ce yana ta shafa ƙugu, inda gurun ke zama, har abokin karawarsa ya sure shi. A kafaɗa aka kawo mini shi.

Wata uku ke nan yana kwance, ni ke juya shi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa yake shi ya fita tsirara, ba guru ba laya. Jiya ya ce in aika gida a kawo masa su, ko Allah zai sa ya miƙe. Su kuwa ga su nan, taku uku daga tabarmarsa.

To ku da kuka ji, in buɗe akwatin nan a gabansa, ko in ce har yanzu ba a samu mai zuwa ba?