Uwar Kwalabe da Ruwan da Ya Yi Haske

Shekara goma sha tara Uwar Kwalabe tana wanke gilasan ɗakin gwaji, hannuwanta har sun yi kanta. Kowace kwalba sau bakwai take ɗauraye ta da tataccen ruwa. Amma wai yau ita ce ƙazama!

Dakta, shugaban ɗakin, ya haɗa wani sinadari da zai cafke dofamin, wato abin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. In ya cafke shi a ruwa, sai kwalbar ta yi haske a ƙarƙashin fitilar gwaji. Shekara biyu abin ya ƙi. Sai makon da Uwar Kwalabe ta tafi jinyar 'yarta, kwalabe suka kama haske shuɗi. Dakta ya bi ofis-ofis yana shela kamar an yi masa haihuwa.

Tana dawowa hasken ya ɗauke. Bai yi wata-wata ba ya ce wankinta ke kashe masa aiki, ya rubuta takarda a mayar da ita sharar tsakar gida.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Tana kwashe kayanta a ƙasan wurin wanki sai ta ci karo da ledar garin sabulun wankin kaya, an yage bakinta.

"Ranka ya daɗe, wa ya wanke kwalabe da ba na nan?"

"Ni da kaina. Wanki ai ba ilimi ba ne."

Ta zuba tataccen ruwa a kwalba, babu dofamin, babu sinadarinsa, ta barbaɗa garin ɗan kaɗan, ta tura ƙarƙashin fitila. Sai ga shi shuɗi tar! Duk mai wankin gilas ta san akwai abin haska farin yadi a garin sabulun nan, shi ya sa ba ya ƙetare wannan ƙofa. Mai digiri uku ne bai sani ba.

Dakta ya daɗe yana kallon kwalbar. Ta tsaya tana jiran haƙuri ɗaya tak.

"Baba," ya ce mata a hankali, "maganar nan ta tsaya tsakaninmu, sai in janye takardar."

Ta cire safar hannu ta ajiye masa a kan teburi.

"Bar ta. A ba ni tsintsiyar. Datti nake wankewa, Dakta, ban iya rufe shi ba."