Kayan Auta

Ranar da Auta zai bar duniya, shi ya riga kowa tashi a gidan. Mahaifinsa, tsohon malamin sakandare da ya ajiye aiki, ya ji ƙarar bokiti a tsakar gida tun ba a kira sallar asuba ba. Da suka dawo daga masallaci, Auta ya sha shayi a tsaye, ƙafa ɗaya cikin dogon takalmin roba, ɗayar tana laluben ɗan'uwansa.

"Malam, na tafi."

Malam yake ce wa mahaifinsa, kamar yadda ɗalibai suke cewa, kamar yadda mai gyaran famfo yake cewa. Baba kuwa ya ajiye wa wani, wato tsohon mai fiton da ke tsallakar da mutane a kwale-kwale ƙasa da gada.

"Ka gaishe min da babanka," in ji Malam, idonsa a kan jarida.

"Zai ji. Ya ce in ka gaji da karatun labarin ruwa, ka zo ka ga ruwan."

"Ka ce masa na ga ruwa tun bai san filafili ba."

"Kai, Malam! Ya girme ka fa."

Mahaifiyarsa ta leƙo daga kicin ta ce su rufa mata asiri, gari bai gama wayewa ba. Auta ya fita yana dariya, ya bar ƙofa a buɗe yadda ya saba.

Da hantsi Malam ya je wurin mai aski. Hirar shagon ba ta wuce kainuwa, ciyawar nan mai yawo a kan ruwa da ta rufe kogin garin daga gaɓa zuwa gaɓa, har baƙo yakan ɗauka filin ƙwallo ne. Masunta sun rataye taru, sauro ya yi gida.

"Malam, har yanzu ɗanka yana kokawa da dashen Allah?" in ji mai aski. "Abin da Allah ya dasa, wa zai tuge?"

"Tabarmar mutanen ɓoye ce," in ji wani mai jiran layi. "Kakata ta ce wanda ya naɗe musu tabarma, shi suke kwantawa a kai."

Wani direba ya rantse da idonsa ya ga baƙi sun zuba irinta daga jirgi.

Reza na kan wuyan Malam. Ya san amsar. Takin zamani ne ruwan sama yake wankowa daga gonaki, ga madatsar da ta rage wa kogin gudu, ciyawa ta samu abinci ta samu wurin zama. Shi da kansa ya nuna wa Auta wannan yana ɗan firamare, da roba biyu a kan taga, ɗaya da cokalin taki ɗaya babu. Shi ya biya masa jami'a har ya karanta ilimin tsirrai. Da aikin ofis ya ƙi samuwa, Auta ya ɗauki wannan ilimi kacokan ya kai rumfar mai fito, mutumin da a lokacin yake tofa addu'a kafin ya taɓa ganye ɗaya. Yanzu tsohon ne yake wa fasinjoji bayanin taki, yana buɗewa da "ɗana ya ce". Malam ya taɓa jin haka da kunnensa. Gonarsa ce, shi ya yi huɗa shi ya yi shuka, wani yana girbi yana waƙa.

Bayan azahar ya bi ta kan gada, ko da yake ba hanyarsa ba ce. Daga sama ya hango su. Aikinsu na mutum biyu ne: Auta a cikin ruwa iya ƙirji, lauje a hannu, igiya ɗaure a ƙugunsa, tsoho a cikin kwale-kwale yana riƙe da ɗayan bakin igiyar saboda ramukan ƙasan kogi. Abin da aka yanka ba a barinsa a ruwa, domin kowane guntu sabuwar uwa ce. Sai an lodo shi, an kai tudu, an shanya ya bushe. Da haka suka buɗe siririyar hanya ta kwale-kwale ɗaya, wadda 'yan makaranta da mata masu zuwa asibiti suke bi.

Tsohon ya faɗi wata magana, Auta ya kece da dariya har lauje ya kusa suɓuce masa. Malam bai san wannan dariyar ba. Ta gida gajera ce, mai ladabi. Ya tsaya yana kallo, ya yi niyyar ɗaga hannu, sai ya ga ba wanda yake duban gada. Ya wuce gida.

Da la'asar samarin unguwar sama, waɗanda sauro ya hana barci, suka fito aikin gayya. Da kyakkyawar niyya suka fito. A ganinsu in ciyawa ta bar ƙofar gidanka ta mutu. Suka sassare gefen wata shimfiɗar kainuwa mai faɗin gida guda, suka tura ta da gora zuwa tsakiyar ruwa, suna tafi. Ta biyo kwanar kogin ba ƙara ba motsi, Auta ya ba ta baya. Ta ture shi cikin zurfi ta rufe. Tsoho ya ja igiya har ta saɓule masa fatar tafin hannu, amma saiwa ta riga ta sarƙe. Kafin magariba aka fito da shi.

A zaman makoki Malam bai yi kuka a gaban mutane ba. Duk wanda ya sunkuyo ya ce ai dama an faɗa, kogi ya karɓi nasa, Malam yakan gyara masa a hankali: ba aljani ba ne, ciyawa ce aka yanka aka tura, kuma nauyinta ya fi na mota. Wasu sun ce baƙin ciki ne ya taɓa shi.

Wannan bai dame shi ba. Abin da ya ci masa rai yana can ƙarshen tabarma. Mai fito ne zaune, hannayensa biyu naɗe da bandeji, mutane suna gama wa Malam gaisuwa su zarce wurinsa.

"Sannu, Baba. Ka yi rashin ɗa."

Malam yakan dubi hannayen nan. Shi nasa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Da za a ce a yi musanye, da ya miƙa nasa nan take.

Da aka share makoki, mahaifiyar Auta ta buɗe ɗakinsa. Katifa, takardun shaida a cikin leda, kwat ɗin da aka ɗinka masa don neman aiki, littattafan jami'a da ƙura. Kwat ɗin ta bai wa ɗan ƙanwarta, littattafan aka kai makarantar da Malam ya koyar. Kafin azahar ɗakin ya zama wayam.

"Shi ke nan kayansa?" in ji Malam.

"Sauran suna can," ta ce. "Ka bar wa tsohon, Malam. Ba su da amfani a wurinmu."

Washegari ya ɗauki buhu ya tafi bakin kogi. Rumfar ta kwano ce, da benci ɗaya. Tsohon ya miƙe da ƙyar.

"Malam, ka zo."

"Na zo kwashe kayan ɗana."

"Naka ne, ai naka ne." Ya nuna da haɓa, don hannu ba ya ɗaguwa. "Ga rigunansa. Ga kofinsa, ba ya yarda kowa ya sha da shi, ko ni. Wannan kuma..."

"Na gani," in ji Malam.

Bai bar komai ba. Riguna uku, hular kaba, kofi, dutsen wasa lauje, rediyo mai ɗaure da waya, har guntun sabulu. Tsohon yana tsaye yana kallon ƙusoshin bango suna zama tsirara, bai roƙi ko ɗaya ba.

A gida Malam ya zazzage buhun a ɗakin Auta, ya jera kayan a kan katifa. A cikinsu akwai wani yankin robar taya mai huji biyu, an goge gefensa sumul, da murfin kwalba da aka fasa aka rataya a zare, da mabuɗin da bai buɗe ko ɗaya daga ƙofofin gidan ba. Ya juya su ya sake juyawa. Ya tambayi matarsa, ta ce ba ta sani ba, amma ya san wanda ya sani.

Suna nan a kan katifar. Malam yakan shiga ya kaɗe musu ƙura, ya ja ƙofa. Bakin kogi kuwa bai koma ba tukuna.