Allurar da Goggo Ta Hana

Ƙanena makanike ne a Kakuri, a garejin wani ɗan ƙabilar Ibo da kowa ke kira Oga. Wani ruɓaɓɓen ƙarfe ya yanke shi a ƙauri, ya yi abin da makanikai ke yi, ya tsiyaya man birki a ciwon, ya ɗaure da tsumma, ya koma ƙarƙashin mota. Kafin mu farga ƙafar ta kumbura tana sheƙi, zazzaɓi yana kaɗa shi har gadon na motsi. Ni da Oga muka kai shi asibiti.

Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun bar ƙafar sun shiga jini, maganin haɗiya ba zai iya ba, sai allura ta jijiya, kuma ba a tsallake ko ɗaya har a gama. Aka kafa masa 'yar roba a bayan hannu. Wata nas 'yar Filato, da muke kira Sista, ita ke zuwa da 'yar kwalba mai farin gari, ta zuba ruwa, ta girgiza, ta tura a hankali. Lokacin ban daɗe da shiga ajin manya ba, da furfurata, ina haɗa baƙi da ƙyar. Sunan maganin ya fi ƙarfina, amma lokutan allurar na riƙe su kamar na salla.

Zazzaɓin ya fara sauka. Ya nemi koko, ya sha, har ya ce mini in daina tsare shi da ido kamar mai gadin banki.

A ranar ne Goggo ta zo daga Nasarawa. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarmu. Ko zama ba ta yi ba, ta sa yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa. Farin idon ya yi rawaya. Ta ce shawara ce. A gidanmu kowa ya tashi da sanin cewa mai shawara ba a yi masa allura, in an yi to an kashe shi. Ta ce haka mijinta ya tafi, da idonta ta gani.

Na je na sami Sista. Ta ce cutar da ke jinin ce ta taɓa hanta, shi ya kawo rawayar, kuma allurar ce ke yaƙarta. Na dawo na faɗa wa Goggo yadda aka faɗa mini, ban rage ba.

"Ke da kika fara biyan ABCD jiya," in ji ta, "za ki koya mini shawara?"

"Goggo, ba boko ba ne. Jiya bai san ni ba, yau ya sha koko."

Ta juya mini baya ta kira Kawu a waya. Kafin la'asar dangi sun cika baranda. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na ce sai dai a bi ta kaina. Oga ya durƙusa wa Goggo, babban mutum da tumbinsa, yana haɗa Hausa da Turancin kasuwa yana cewa Mama ki bari a gama. Likita ya yi bayani, ya sake yi. Amma mai ciwon baligi ne, shi aka tambaya. Ya dubi Goggo tana kuka, ya dube ni.

"Yaya, ki yi haƙuri," ya ce. "Ni ma tsoro nake ji."

Sista ta cire robar, ta danna auduga a wurin. Aka sa shi a Keke Napep, ƙafar tana leƙen waje.

A gida aka jiƙa saiwoyi, aka dafa ganyen gwanda, aka yi ta ba shi rake. Da farko ya yi kamar ya samu sauƙi, ragowar ƙarfin allurar ne, Goggo kuwa har saƙo ta aiko mini wai in zo in gani. Kafin in zo abin ya juye, na tarar yana kiran sunayen kayan mota, bai gane kowa ba, ɗakin yana warin ƙafar. Ban nemi izini ba. Oga ya kawo mota muka mayar da shi asibiti, wannan karon babu wanda ya tare hanya.

Jijiyoyinsa sun ɓuya. Sista ta nema a hannu, ta nema a ƙafar da ke da lafiya, da ƙyar ta samu. Aka canza masa allura mai ƙarfi fiye da ta farko. Fitsari ya riga ya tsaya. Ya cika da hantsi, hannunsa cikin nawa, kwalbar da aka haɗa masa ba a ko gama turawa ba.

A zaman makoki ina rabon ruwa da buta na ji wata maƙwabciya tana cewa ai dama an faɗa, allura da shawara ba sa haɗuwa, ga shi an mayar da shi an ƙarasa shi. Matan suka gyaɗa kai. Goggo tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

Na ajiye butar. Na ce allurar da aka yi masa ta tashe shi ya sha koko, wadda aka hana shi ce ta kai shi kabari, duk mai son jin sauran ta same ni a waje. Aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Har yau a gidanmu, in an tashi ba da labarinsa, cewa ake yi allura ce ta kashe shi.